Likitan da ba ya karɓar majinyaci shi kaɗai

Idan kai ɗan Daura ne, ba sai na tuna maka watan Oktoba na 2019 ba. A watan ne 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a unguwar Sabon Gari suka fito da mutum 67, yara da manya, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an ga irin haka a Rigasa ta Kaduna. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko ƙin ji. Kar ka yi saurin zagin iyayen fa. Uwar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki ya sha kodin da kuɗin, ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta yi kuka har ta gaji, ina kake so ta kai shi?

Wannan tambayar ce ta sa yau na kawo maka tarihin wani likita Bayarabe da ya nemi amsarta tun kafin a haifi iyayenmu. Sunansa Thomas Adeoye Lambo.

An haife shi a Abeokuta a 1923. Ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. A 1954 ya dawo gida aka damƙa masa sabon asibitin Aro, a wajen garinsu. A wancan zamani, wanda ya samu taɓin hankali a ƙasar nan ɗayan biyu ne: ko ya ƙare a turu wajen mai magani, ko a kulle shi a gidan mahaukata na gwamnatin Turawa, irin na Yaba da Kalaba, waɗanda kusan ba su da maraba da kurkuku.

Lambo ya tarar ba a ma gama ginin asibitin ba, ga kuma mutane na tsoron wurin. Sai ya je ya zauna da dagatai da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba majinyata hayar ɗakuna a cikin gidajensu. Ka yi tunanin a zo Zango ko Mai'aduwa a ce wa maigida ya sauki mai taɓin hankali a zaurensa! An sha fama kafin su yarda. Abin da ya taimaka shi ne kuɗin hayar da suke samu, da ruwan sha da kulawar asibiti da suka iso ƙauyukan ta dalilin shirin.

Amma sharaɗin da ya kafa shi ne abin da nake so ka riƙe. Ba a kawo masa majinyaci a ajiye a juya. Dole wani nasa ya zauna da shi, uwa ko inna ko yaya, mai dafa masa abincin da ya saba ci, mai wanke masa kaya, mai raka shi asibiti da safe ya karɓi magani, su dawo ƙauye da yamma. Majinyacin yana shiga kasuwa, yana gaisawa da maƙwabta, wani har gona yake taya masu masaukinsa. Ita kuma mai jinyar, a zaman nan take koyon alamun ciwon, ta san ranar da yake neman tashi, ta san abin da ke tunzura shi. Ranar sallama, ba baƙo ake mayar wa gida ba.

Bai tsaya nan ba. Ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da ya sa wasu abokan aikinsa Turawa suka ga kamar ya zubar da girman likitanci. Shi kuwa ya lura mutanensa sun fi buɗe wa waɗannan cikinsu. Ban ce maka ya bar maganin asibiti ba, yana ba da ƙwaya da allura kamar kowane likita. A namu wurin, kamar ka ce malamin unguwa da likita su haɗa kai a kan yaro ɗaya, wannan da addu'a da nasiha, wancan da magani, ba bulala ba sasari.

Shaye-shaye ma bai wuce shi ba. Tun 1965 ya wallafa bincike a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsalar miyagun ƙwayoyi a Afirka ta Yamma, lokacin da ba wanda ya san tiramol. Daga baya asibitin na Aro ya buɗe sashe na musamman don masu neman rabuwa da shaye-shaye.

Sauran tarihin na muƙamai ne. Ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, daga nan ya wuce Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai mataimakin babban darakta har 1988. Gaskiya tsarin ƙauyen bai ɗore da ƙarfinsa na farko ba, don gari ya faɗaɗa, zama ya canja, ba kowane gida ke iya sakin mutum guda na watanni ba.

Duk da haka, idan a gidanku akwai wanda ake shirin kaiwa asibitin Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, kafin a tara kuɗin mota ku fara tsayar da wanda zai riƙa zuwa wajensa, da wanda zai zauna da shi in ya dawo. Ai a dawowar ne tsofaffin abokai ke jiransa a bakin layi. Wataƙila ma kai ne ya fi jin maganarka, ba Baba ba.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Lambo bai ga ranar ba. Ya rasu a Maris na 2004, yana da shekara 80.