Paul Sabatier: Masanin da ya share hanyar fitar da haidirojin daga asid ɗin tururuwa

Manomin rani a Jiratawa da ke sayen fetur domin injin ban ruwa, ga kuma rana tana dukan kansa kyauta, ya san inda gizo ke saƙar: hasken rana ba ya zubuwa a jarka. Cikin dabarun da masana ke gwadawa a yanzu akwai amfani da wutar sola a ciro iskar haidirojin daga ruwa, a ɓoye ta cikin wani asid mai suna fomik, sannan a sake fito da ita ranar buƙata. Tushen wannan aiki yana komawa ga wani Bafaranshe, Paul Sabatier, wanda ya rasu fiye da shekara 80 da suka wuce.

An haifi Sabatier ranar 5 ga Nuwamba, 1854, a Carcassonne da ke kudancin Faransa. Ya shiga babbar makarantar École Normale Supérieure ta Paris a 1874, ya koyar na ɗan lokaci a wata sakandare a Nîmes, sannan a 1878 ya zama mataimakin Marcellin Berthelot, ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar sinadarai na zamanin. A ƙarƙashinsa ya sami digirin dakta a 1880. A 1882 ya koma jami'ar Toulouse, kuma a can ya ƙare rayuwarsa.

Sunansa ya fito ne a 1897. Shi da abokin aikinsa Jean-Baptiste Senderens, wanda limamin cocin Katolika ne, sun gano cewa garin ƙarfen nikel mai laushi yana sa haidirojin ta haɗu da wasu sinadarai cikin sauƙi, shi kuwa nikel ɗin ya fita yadda ya shiga. Irin wannan abu shi ake kira katalis. Kusan aikinsa ɗaya da na dillali a kasuwa: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi ya koma ya tari wasu.

Wannan bincike ya taɓa ƙasar Hausa ta inda ba a zata ba. A kansa wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gina dabarar daskarar da man abinci a 1902, abin da ya faɗaɗa kasuwar majarin a Turai, ya ƙara buƙatar man gyaɗa. A 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano, cinikin gyaɗa ya tashi, daga baya ya bazu har Maraɗi. A wannan shekarar ce aka ba Sabatier kyautar Nobel tare da Victor Grignard. Ba a sa sunan Senderens ba, duk da cewa su biyun sun raba kyautar Jecker a 1905 kan aikin nan ɗaya. Da wuya a kira wannan adalci.

Shi asid ɗin fomik tsohon sani ne. Wasu nau'o'in tururuwa na fesa shi don kare kansu, daga sunansu a Latin ma ya samo nasa, kuma a 1671 Bature ɗan Ingila John Ray ya ba da rahoton yadda aka tatso shi daga jikinsu. Berthelot, malamin Sabatier, ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da tururuwa ba. A 1911 Sabatier da Alphonse Mailhe suka bi shi ta kan katalis iri-iri, suka nuna yana fashewa ta hanya biyu. Wani katalis yana ba da haidirojin da iskar kabon dayoksaid. Wani kuma yana ba da ruwa da kabon monoksaid, gubar nan da ke kashe mutane idan an kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Ita ce kuma ke lalata na'urar da ke juya haidirojin zuwa lantarki, don haka duk mai neman makamashi daga wannan asid hanyar farko yake so.

Babban abin da ya bari shi ne bayanin dalili. A ganinsa, katalis yana riƙe sinadari na ɗan lokaci ne, sannan ya sake shi. Idan riƙon ya yi sako-sako, ba abin da zai faru. Idan ya yi tsanani, katalis ɗin ya toshe, kamar dillalin da ya riƙe hannun mai kaya ya ƙi saki. Wajen 1960 wasu masu bincike a Holan suka gwada wannan da asid ɗin fomik kansa. Zinariya ta yi sako-sako, tungisten ya ƙanƙame, filatinam da danginsa suka faɗo tsakiya suka fi kowa aiki.

Abin da ya sa ake ta komawa kan asid ɗin shi ne, ruwa ne, ana iya zuba shi a tanki, alhali ita haidirojin sai an matse ta cikin tukwane masu tsada. Lita ɗaya tana ɗauke da kimanin giram 53 na haidirojin. A 2008 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a Lausanne ta Suwizalan ɗaya a Rostock ta Jamus, suka nuna cewa katalis na ƙarfen ruteniyam yana fitar da iskar ba tare da zafi mai yawa ba. Sai dai ruteniyam da filatinam ba kayan talaka ba ne, shi ya sa ake neman mai riƙon tsakiya cikin ƙarafa masu araha.

Sabatier bai yarda cewa ilimi sai a babban birni ba. A 1907 an yi masa tayin manyan kujerun koyarwa a Paris, ya ƙi, ya zauna a Toulouse, inda ya shugabanci tsangayar kimiyya daga 1905 zuwa 1929. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata huɗu. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1941, yana da shekara 86, lokacin da Faransa ke cikin ƙuncin Yaƙin Duniya na Biyu. Jami'ar kimiyya ta Toulouse ta ɗauki sunansa daga baya.