Alhaji Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin Kotso da Muryarsa Ta Ƙi Dusashewa

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau. Gidansu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Usman Ɗanƙwanda, makaɗin noma ne, wanda kan bi manoma gona yana zuga su da ganga har a tashi aiki.

Tun yana yaro ƙarami aka rataya wa Musa kanzagi, ƙaramar gangar da ake fara koya wa ɗan makaɗi. Da ita ya koyi riƙe amo da bin sawun manya, kafin ya shiga sahun 'yan amshi. A cikin ƙungiyar mahaifin nasa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da mutane suka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai suka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan da ya danne na yanka har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan rasuwar mahaifinsu, ragamar gidan ta koma hannun yayansa, Abdu Kurna, shi kuwa Musa ya zama Daudun Kiɗa, wato mataimakin shugaban ƙungiya. A ƙasar Maradun suka tsaya da ƙafafunsu, kiɗan gidan ya tashi daga gona ya shiga fada. Kayan kiɗansu shi ne kotso, ganga mai fuska ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, a kaɗa da hannu, a matse tsirkiya don sauya amo. Kiɗa ne na sarauta, ba a yi wa kowa shi.

Sunansa ya game Arewa lokacin da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya yi wa waƙar Mai Dubun Nasara. Kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966 ya raba shi da babban ubangidansa, kuma makaɗin fada da ya rasa ubangida yakan rasa abinci da mafaka gaba ɗaya. Ɗanƙwairo bai ajiye kotso ba. Ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, cikinsu har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da 'Yandoton Tsafe.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne tsarin amshi. Yakan ɗauko ɗiyan waƙa, yaransa su karɓe su ƙarasa masa, muryoyi da kotsanni suna tafiya tare babu mai taka wani. Cikin waƙoƙinsa akwai asalin gidajen sarauta da kirari da zambo da habaici, da Hausar Zamfara tsantsa, abin da ya sa masu nazarin adabi a jami'o'i ke komawa gare su.

Ya rasu a shekarar 1991. 'Ya'yansa da jikokinsa sun riƙe kiɗan gidan, kuma daga Sakkwato har Maiduguri ana jin muryarsa a rediyo da wayoyin hannu, musamman ranar hawan salla ko naɗin sarauta. Allah Ya jiƙansa da rahama.