Johann Michael Vogl, mawaƙin da aka zarga da ɓata waƙoƙin Schubert

Duk wanda ya taɓa sauraron makaɗin fada a Damagaram, ko mawaƙin buki a Tanut da Belbeji, ya san ba a rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yau mawaƙi ya ja murya a nan, gobe ya karya ta a can. A Turai ma haka abin yake a da, kuma rayuwar Johann Michael Vogl shaida ce.

An haifi Vogl a shekarar 1768 kusa da garin Steyr na ƙasar Ostiriya. Ya yi karatu a makarantar Kremsmünster, sannan ya tafi birnin Biyena koyon aikin shari'a. Muryarsa ce ta raba shi da wannan hanya: ya shiga gidan wasan opera na fadar sarki, inda ya yi fiye da shekara 25 yana waƙa. A 1814 shi ne ya fito a matsayin Pizarro cikin Fidelio na Beethoven.

A 1817 aka haɗa shi da wani saurayi mai tsara waƙa, Franz Schubert, ɗan shekara 20 wanda ba a san shi ba sai tsakanin abokai. Vogl ya girme shi da kusan shekara 30, ga suna, ga girma, amma ya rungumi waƙoƙin yaron. A watan Maris na 1821 ya rera Erlkönig a bainar jama'a a Biyena, kuma a shekarar ce aka fara buga ta. Sun yi tafiye-tafiye tare a 1819 da 1823 da 1825, Schubert na kaɗa fiyano, Vogl na rerawa.

Sai dai Vogl ba ya tsayawa kan abin da ke rubuce. Kamar sauran mawaƙan zamaninsa, yakan yi wa waƙa ado: ya ƙara ƴan sautuka, ya lanƙwasa ƙarshen baiti, ya sauya salo idan amo ya maimaitu. Ya kuma rubuta wannan ado cikin littattafansa na waƙa.

Schubert ya rasu a 1828, yana da shekara 31. A 1830 mawallafi Diabelli ya sake buga Die schöne Müllerin, jerin waƙoƙi 20, da ƙare-ƙaren da ake dangantawa da Vogl. Shekaru da dama mutane na rera su a haka. Vogl ya rasu a watan Nuwamba na 1840.

Bayan mutuwarsa ra'ayi ya juya. Masana irin su Max Friedlaender, a wajajen 1884, suka tankaɗe adon, suka ɗauke shi a matsayin gurɓata aikin Schubert. Sunan Vogl ya zube.

A ƙarni na 20 aka sake duba lamarin. Masani Walther Dürr ya nuna cewa littattafan Vogl na bayyana yadda ake rera waƙoƙin a lokacin da mai su ke raye, a wurin mutumin da shi kansa Schubert ke kaɗa wa fiyano. An sa wasu daga cikinsu a sabon kundin ayyukan Schubert, kuma yau akwai mawaƙan da ke nazarinsu kafin su hau dandali. Har yanzu ana gardama kan iyakar adon da ya dace, amma ba a yin ta sai an buɗe littattafan Vogl.