Tarihin Lawrence Bragg Da Asirin Dutsen Kwalli

Duk wanda ya taɓa fasa dutsen kwalli, irin wanda ake kasawa a kasuwar Jabo ko ta Tambuwal, ya ga yadda yake tsagewa, kowane gutsure da kusurwoyinsa daidai, sai ka ce magini ya yanka. Wannan dutse dalma ce haɗe da farar wuta. Mutumin da ya buɗe hanyar sanin dalilin tsagewar nan shi ne Lawrence Bragg, kuma muna so malamanmu da akawuna su san labarinsa.

An haife shi a birnin Adelaide na Ostiraliya ranar 31 ga Maris, 1890. Ubansa, William Bragg, babban malamin kimiyya ne. Sa'ad da yaron ya karya hannu yana ƙarami, uban ya duba karayar da hasken eksire, watau hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda ba a daɗe da gano shi ba. A 1909 suka koma Ingila, ya shiga jami'ar Kambirij.

Cikin 1912 wani Bajamushe, Max von Laue, ya sa aka harba hasken nan cikin dutsen tutiya da farar wuta, ɗan'uwan kwalli. Sai ɗigo-ɗigo suka fito a kan hoto, amma fassarar da ya yi musu ba ta cika ba. Bragg, yana ɗan shekara 22, ya gane cewa ƙwayoyin zarra na cikin dutse a jere suke sahu-sahu, kowane sahu yana mai da hasken kamar madubi, kuma daga karkatar hasken ana iya lissafa tazarar sahun. Da wannan dabara ya bayyana ginin gishiri a 1913. Ginin kwalli kuwa irin na gishiri ne: kowace ƙwayar dalma tana tsakiyar ƙwayoyin farar wuta shida, shi ya sa dutsen yake tsagewa bisa layi.

A 1915 aka ba shi kyautar Nobel tare da ubansa, yana da shekara 25. Labarin ya same shi a fagen yaƙi, ga kuma makokin ƙanensa Robert da ya rasu a yaƙin Gallipoli. Har wa yau mutane da yawa suka jingina dabarar ga uban, abin kuwa ya daɗe yana ci masa rai. A ganinmu an ƙware shi, domin tunanin nasa ne, uban kuwa shi ya ƙera na'urar awo.

Aikin bai tsaya ga manyan duwatsu ba. A 1918 Paul Scherrer ya nuna cewa idan ƙwayoyin dutse suka ƙanƙance ƙwarai, alamun hasken sukan yi faɗi, daga faɗin kuma a san girman ƙwayar. A 2006 masana a Faransa suka gwada rinin gashi na Girkawa da Rumawan da, wanda ake haɗawa da dalma. Suka tarar dalmar tana shiga gashi, ta haɗu da farar wutar da ke jikinsa, ta haifi ƙwayoyin kwalli masu faɗin kashi 5 cikin miliyan na milimita. Su ne suke baƙanta gashin. Amma dalma guba ce, ko an niƙa ta lilis. Ƙurarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010, saboda haka malamai su gargaɗi iyaye game da sa wa jarirai kwallin dutse.

Bragg ya gaji Rutherford a Manchester a 1919, ya sake gadonsa a Kambirij a 1938. An ce da ya koma Landan ya rasa lambu, sai ya riƙa yi wa wata mata ƙodagon lambu ba ta san ko wane ne ba, har wani baƙonta ya gane shi. Ya rasu ranar 1 ga Yuli, 1971, yana da shekara 81.