Pierre Fermat, Alƙalin Da Ya Shahara A Fagen Lissafi

Duk wanda ya bar gida ya zo kurmi neman abinci, ko shanu yake sayarwa a kara, ko goro yake saro, ko mota yake ja, tambaya guda ce a ransa kullum, watau yaya zai sami mafi yawa da ɗan abin da ke hannunsa, kuma yaya zai kashe mafi ƙanƙanta. To, akwai wani Bafaranshe mai suna Pierre de Fermat wanda ya shimfiɗa hanyar amsa irin wannan tambaya da alƙalami, ga shi kuwa alƙalanci ne aikinsa, lissafi sai in ya tashi daga kotu.

An haife shi a garin Beaumont-de-Lomagne a kudancin Faransa. An daɗe ana rubuta cewa a 1601 ne, amma binciken baya ya fi karkata ga 1607. Mahaifinsa attajiri ne mai fataucin fata. Yaron ya karanta shari'a a Orleans, sa'an nan a 1631 ya sami kujera a babbar kotun birnin Tulus, a shekarar kuma ya yi aure. Bai bar wannan aiki ba har ƙarshen ransa.

Ga misalin abin da ya gano. A ce mai shanu yana da waya yadi 40, yana son ya kewaye fili mai kusurwa huɗu. Tsawo da faɗi in an haɗa su yadi 20 ke nan. In ya yi 15 da 5, filin 75 ne. In ya yi 12 da 8, ya sami 96. In kuwa ya yi 10 da 10, ya sami 100, babu kuma yadda zai wuce haka. Mai karatu ya lura da wani abu a nan. In aka ɗan gusa daga 15 da 5 zuwa 14.9 da 5.1, filin ya koma 75.99, watau ya ƙaru da kusan ɗaya. Amma in aka yi irin wannan gusawa daga 10 da 10 zuwa 10.1 da 9.9, sai a sami 99.99, canjin bai taka kara ya karya ba. Ashe in abu ya kai ƙololuwa, ɗan motsi ba ya canza shi, kamar mai hawan tudu da ya iso bisa ya tarar da ƙasa ta baje.

A kan wannan Fermat ya gina dabararsa. Sai ya ƙara ɗan mitsitsin adadi a kan abin da ake nema, ya daidaita sabon sakamako da tsohon, ya raba da wannan ɗan adadi, sa'an nan ya share abin da ya rage nasa. Nan take amsa za ta fito, ba tare da an yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya ba.

Sai dai Fermat ba ya son buga littafi. A wasiƙa yake aika abin da ya gano, galibi ta hannun wani fada a Faris mai suna Mersenne, wanda suka soma rubuta wa juna a 1636. Wannan hali ya kusa ja masa asara. A 1638 babban masanin nan Descartes, wanda ya ji haushin yadda Fermat ya soki bayaninsa a kan haske, ya fito ya ce dabarar alƙalin ba ta da tushe. Aka yi ta musayar wasiƙu har Descartes ya amsa cewa dabarar daidai take. Wajen 1653 kuma annoba ta kama Fermat, har aka baza labarin ya mutu, ga takardunsa warwatse a hannun mutane. Amma ya tashi.

A 1654 shi da Pascal suka aza harsashin lissafin yiwuwar aukuwar abu. A 1662 ya ɗauki dabararsa ya gwada ta a kan haske, bisa cewa haske yana bin hanyar da ta fi ɗaukar ɗan lokaci, ya fitar da ƙa'idar da ke sa sanda ta zama kamar ta karye in an tsoma ta a ruwa. Abin mamaki, ƙa'idar da ta fito ita ce wadda Descartes ya buga tun 1637.

Fermat ya mutu a garin Castres ran 12 ga Janairu, 1665. A wannan shekara ce Isaac Newton na Ingila ya soma tsara lissafin saurin canji, wanda ake kira kalkulas, kuma shi da kansa ya ce aikin Fermat ne ya haska masa hanya. Leibniz na Jamus ya buga nasa a 1684. Ɗan Fermat, Samuel, shi ya tattara abin da uban ya bari ya buga a 1670 da 1679. A ciki har da wata matsala da ya rubuta a gefen littafi, wadda ta gagari masana sai a 1994 Andrew Wiles ya warware ta.

Har yau ɗaliban shekarar farko a jami'a suna koyon wannan dabara cikin sabon salo: a nemi inda saurin canji ya zama sifiri, a duba ko nan ne mafi yawa ko mafi ƙanƙanta. Da ita suke gano cewa gwangwanin da ya fi tsimin ƙarfe shi ne wanda tsayinsa ya yi daidai da faɗin bakinsa, da ita kuma ake lissafin farashin da zai kawo riba mafi tsoka. Wanda yake da ɗa a jami'a yana karatun injiniya ko tattalin arziki, ya ba shi lissafin wayar nan mai yadi 40, ya ga yadda zai fitar da 10 cikin layi uku.