Malamin da Ya Shigar da Ƙwallo Cikin Ɗaki

Wannan karon tarihin wani malami na kawo muku, marigayi Juan Carlos Ceriani, mai koyar da motsa jiki a YMCA ta birnin Montebidiyo. A 1930 ƙasar Yurugwai ta ci Kofin Duniya, yaran birnin suka haukace da ƙwallo, ga ƙarancin fili. Sai ya shigar da su ɗakin ƙwallon kwando, biyar-biyar. Ya aro minti 40 daga kwando, raga daga ƙwallon hannu, ya fitar da dokoki a 1933. Wasan futsal ke nan. Barazil ta rungume shi har ake zaton nata ne, abin da ke ba ni haushi. Ya rasu a 1996.