Michel Chevreul, dattijon da ya gano sirrin kitse da sabulu

Duk mai sayar da sabulu ko kyandir a kasuwar Birnin Ƙonni, Illela ko Jibiya yana cin albarkacin wani Bafaranshe mai suna Michel Eugène Chevreul. An haife shi a garin Angers a shekarar 1786, ya je Paris yana saurayi ya koyi ilimin sinadarai a hannun malaminsa Vauquelin.

A wancan zamani masu dafa sabulu sun iya aikinsu, kamar yadda iyayenmu mata suka iya haɗa mai da ruwan toka, amma ba wanda ya san abin da ke faruwa cikin tukunya. Chevreul ya shafe sama da shekara goma yana narka kitse yana tacewa. A 1823 ya fitar da littafin da ya nuna cewa kitse da mai haɗi ne na abu biyu: giliserin da wasu sinadarai masu tsami. Idan ruwan toka ya shiga, sai ya raba su, ya kama masu tsamin, su zama sabulu. Shi ya raɗa wa wasunsu suna, har da wanda sunan margarin ya samo asali daga gare shi.

A 1825 shi da abokinsa Gay-Lussac suka yi rajistar sabon kyandir mai tauri, wanda ba ya wari da hayaƙi irin na kitse. Sai dai malamin bai iya ciniki ba. Harkar ba ta yi riba ba, wani mai suna de Milly ne ya gyara hanyar a farkon shekarun 1830 ya ci kasuwar. Masana'antun da suka biyo baya, musamman na Marseille, su ne suka yi ta sayen gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma.

Yau wannan rabuwar da ya bayyana ana iya yin ta ba da wuta mai yawa ba, da sinadarin lipaz, irin wanda ke narkar da mai a cikin hanjin mutum. Masana'antu na samun sa daga ƙwayoyin halitta, suna sarrafa man tsirrai da shi.

Ya yi shekaru yana shugabancin sashen rini na masaƙar Gobelins. A 1886 Faransa ta yi masa bikin cika shekara 100. Ya rasu a Paris a 1889 yana da shekara 102, kuma sunansa na cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.